Ɗan Baƙo da Ƙasar Haihuwarsa: Tarken Hujjojin Hana 'Ya'yan Baƙin Haure Zama 'Yan Ƙasa a Amurka Bisa Ma'aunin Fiƙihu

Tsakure

Wannan maƙala ta ɗora hujjojin masu neman a daina ba 'ya'yan baƙin haure matsayin ɗan ƙasa a Amurka a kan ma'aunin fiƙihun Musulunci. Ta gano cewa hujjojin sun jingina a kan abubuwa uku: tuhumar ɗa da laifin iyayensa, ɗaukar zama ɗan ƙasa tamkar nasaba, da toshe kafar ɓarna. Sakamakon da aka kai gare shi shi ne, fiƙihu bai wajabta wa wata hukuma ta ba duk wanda aka haifa a ƙasarta matsayin ɗan ƙasa ba, amma ya hana a bar yaro babu ƙasa, ya kuma hana a mayar da wanda ya tashi a wuri ya zama baƙo a cikinsa har abada saboda yadda iyayensa suka shigo. Da wannan ma'auni aka auna dokokin wasu ƙasashen Musulmi, aka same su da giɓi.

1.0 Gabatarwa

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

A ranar 20 ga Janairu, 2025, ranar da aka rantsar da shi a karo na biyu, shugaban Amurka Donald Trump ya sa hannu a kan umarni mai lamba 14160. Umarnin ya ce hukumomin tarayya su daina ɗaukar yaron da aka haifa a Amurka a matsayin ɗan ƙasa idan uwarsa tana zaune ba bisa ƙa'ida ba, ko tana da izinin zama na wucin gadi kawai, matuƙar ubansa ba ɗan ƙasa ba ne kuma ba shi da izinin zama na dindindin. Bayan kwana uku wani alƙalin tarayya a birnin Seattle, John Coughenour, ya dakatar da shi, wasu alƙalan suka bi sahu. A ranar 27 ga Yuni, 2025, Kotun Ƙoli ta rage ikon ƙananan kotuna na dakatar da umarnin gwamnati a faɗin ƙasa baki ɗaya, amma a wannan hukunci ba ta taɓa asalin tambayar ba.

Kotuna aikinsu shi ne fassara kundin tsarin mulkin ƙasarsu, kuma duk abin da suka yanke ya tsaya a nan. Tambayar da ke gaban ɗalibin shari'a ta fi wannan faɗi: yaron da ya buɗe ido a wata ƙasa, iyayensa sun shigo ta ba da izini ba, mene ne haƙƙinsa a kan wannan ƙasa? Ana jin wasu daga cikinmu suna goyon bayan hanawa da ƙa'idojin usulu, wasu kuma suna suka da ƙissar hijira. Duka ɓangarorin suna bukatar a tsaya a tace maganarsu.

2.0 Asalin Taƙaddamar

Ƙasashen duniya suna bin ɗaya daga cikin hanyoyi biyu, ko su gauraya su. Akwai ƙa'idar wurin haihuwa, wadda ke duba inda aka yanke wa jariri cibiya. Akwai ƙa'idar jini, wadda ke duba ƙasar iyaye. Ƙasashen da ke bin ta farko ba tare da sharaɗi ba sun ɗan haura talatin, mafi yawansu a nahiyar Amurka, kamar Kanada da Meziko da Barazil.

Amurka ta gaji ƙa'idar wurin haihuwa daga dokar Ingila, amma ba ta yi wa kowa adalci da ita ba. A 1857, a shari'ar Dred Scott, Kotun Ƙoli ta yanke cewa baƙar fata jikan bayi ba zai zama ɗan ƙasa ba, ko da shi ɗa ne. Bayan yaƙin basasa aka yi wa kundin tsarin mulki gyara na 14 a 1868 domin share wannan hukunci. Gyaran ya sa sharaɗi biyu: a haifi mutum a Amurka, kuma ya kasance ƙarƙashin ikon hukumarta. A kan ma'anar sharaɗi na biyu ake ta ja-in-ja.

Shari'u biyu ne kowane ɓangare ke komawa gare su. A 1884 kotu ta hana John Elk, ɗan asalin ƙabilun da Turawa suka tarar a ƙasar, matsayin ɗan ƙasa, bisa cewa an haife shi yana bin ƙabilarsa mai gashin kanta. Sai a 1924 majalisa ta yi dokar da ta shigar da waɗannan ƙabilu. A 1898 kuwa kotu ta yanke wa Wong Kim Ark hukuncin da ya zama ginshiƙi. An haife shi a San Francisco, iyayensa 'yan ƙasar Sin ne, tun kafin dokar 1882 ta toshe wa leburorin Sin hanyar shiga. Da ya dawo daga ziyara aka hana shi sauka daga jirgin ruwa. Kotu ta ce shi ɗan ƙasa ne, ta kuma taƙaita waɗanda aka togace: 'ya'yan jakadu, da 'ya'yan sojojin abokan gaba da suka mamaye wani yanki, da waɗanda aka haifa a jiragen ruwan gwamnatocin waje, da 'ya'yan ƙabilun da aka ambata.

3.0 Hujjojin Masu Hanawa

Adalci ya wajabta a kawo hujjar abokin hamayya da ƙarfinta. Masu hanawa suna cewa, da farko, iyayen Wong Kim Ark mazauna ne da sanin hukuma, don haka ba a ƙiyasta wanda ya tsallako iyaka da dare a kansu. Na biyu, wanda ya karya doka bai kamata ya ci ribar karyawar ba, kuma babu ribar da ta kai ɗansa ya sami fasfo. Na uku, zama ɗan ƙasa alƙawari ne tsakanin mutum da al'umma, ba ya ƙulluwa sai da yardar ɓangarori biyu, al'umma kuwa ba ta yarda da shigowar iyayen ba. Na huɗu, wannan garaɓasa tana jawo ƙarin baƙin haure. Suna ƙara da cewa Birtaniya ta daina bin wurin haihuwa zalla tun 1 ga Janairu, 1983, Ostireliya ta bi ta a 1986, Ailan kuma ta yi haka da ƙuri'ar raba gardama a 2004, ba wanda ya ce sun fita daga sahun ƙasashe masu bin doka.

Ɗalibin usulu zai ga cewa kowace hujja tana da 'yar'uwa a littattafanmu: wanda ya yi gaggawar samun abu kafin lokacinsa ana yi masa uƙuba da hana shi, abin da aka gina a kan ɓatacce ɓatacce ne, shugaba yana tasarrufi bisa maslahar talakawansa, ana toshe kafar da ke kaiwa ga ɓarna. Saboda wannan kamanni ne wasu ke ganin shari'a tana tare da masu hanawa. Sai dai ƙa'ida ba ta aiki sai an duba a kan wa malamai suka ɗora ta.

4.0 Tarken Hujjojin

4.1 Laifin uba da wuyan ɗa

Alƙur'ani ya maimaita a wurare biyar cewa babu rai mai ɗaukar nauyin zunubin wani: a Suratul An'am aya ta 164, da Isra'i aya ta 15, da Faɗir aya ta 18, da Zumar aya ta 7, da Najm aya ta 38. A huɗubar ban kwana, kamar yadda Tirmizi da Ibn Majah suka ruwaito daga Amru ɗan Ahwas, Annabi (SAW) ya bayyana cewa ba a kama ɗa da laifin ubansa, ba a kama uba da laifin ɗansa. Hausawa ma sun ce kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Abin lura shi ne yadda malaman fiƙihu suka bi wannan asali a daidai wuraren da masu hanawa ke ɗebo ƙa'idojinsu. Babban misalin ƙa'idar mai gaggawa shi ne wanda ya kashe ubansa don ya ci gado: an hana shi. To amma idan wannan mai kisa yana da ɗa, kuma mamacin bai bar wani ɗa namiji da zai katange jikan ba, jikan yana cin gadon kakansa. Malaman fara'ila sun ce wanda aka hana gado saboda wata sifa tasa ana ɗaukarsa kamar babu shi, ba ya katange kowa. Ba su ce a hana jikan don kada dukiyar ta shiga gidan mai kisa ba, ko da yake a zahiri can za ta shiga. Uƙubar ta tsaya a kan mai laifin.

Haka abin yake a auren da ya ɓaci. Ana raba ma'auratan, amma yaron da aka haifa ana danganta shi ga ubansa duk inda shubuha ta kawar da haddi. Ƙulli ya warware, haƙƙin yaro bai warware ba. Wannan ya nuna cewa ƙa'idar abin da aka gina a kan ɓatacce tana aiki ne a kan ciniki da yarjejeniya, malamai ba su miƙa ta zuwa ga ɗan Adam da aka haifa a tsakani ba. Ƙissar matar nan ta ƙabilar Gamid da ke cikin Sahihu Muslim ta ƙara fito da abin fili: an jinkirta haddinta har ta haihu, aka sake jinkirtawa har ta yaye, sannan aka miƙa yaron ga wani Musulmi ya riƙe shi. Laifi tabbatacce ne da bakin mai shi, duk da haka haƙƙin jaririn ya riga zartar da hukunci.

Kotun Ƙolin Amurka ta kai ga irin wannan fahimta a 1982, a shari'ar Plyler, lokacin da ta soke dokar jihar Texas ta 1975 wadda ta ba makarantun gwamnati damar ƙin karɓar 'ya'yan baƙin haure. Dalilinta shi ne yaran ba su da iko a kan abin da iyayensu suka aikata, ba su da iko a kan matsayin da suka tsinci kansu. Saboda haka hujja ta biyu, idan ana nufin ta a matsayin horo, ta faɗi a ma'aunin shari'a.

4.2 Nasaba ce ko mazauni?

Mai hanawa mai zurfin tunani ba zai tsaya nan ba. Zai ce: ni ban hukunta yaron ba, sababin zama ɗan ƙasa ne bai samu ba. Zai kawo misalin ɗan da aka haifa ba ta hanyar aure ba, wanda jumhurun malamai ba su danganta shi ga wanda ya yi cikinsa, ba don horo ba, sai don babu shimfiɗar aure. Wannan ita ce hujjarsu mafi ƙarfi, kuma tana tilasta mu tambayi: mene ne sababin kasancewar mutum ɗan wata ƙasa a fiƙihu?

Kalmar jinsiyya da ma'anarta ta yau baƙuwa ce a littattafan magabata. Abin da suka sani shi ne mutanen gida, wato ahalin Darul Islam, Musulminsu da zimminsu. Kuma idan aka bi rassan mas'alolin za a ga cewa shiga cikin mutanen gida yana rataye ne da zama da kuma gudanar hukunci, nasaba ba ta da hannu a ciki. Ga misalai huɗu.

Na farko, Suratul Anfal aya ta 72 ta bambanta muminan da suka yi hijira zuwa Madina da waɗanda ba su yi ba, ta yanke waliccin na biyun har sai sun yi hijira. Malaman tafsiri sun saɓa a kan ko gado ake nufi ko taimako, amma a kowace fassara abin da ya raba su shi ne wurin zama, alhali imaninsu ɗaya, da yawansu ma dangin juna ne.

Na biyu, malaman Hanafiyya sun ce baƙon da ya shigo da aminci na ɗan lokaci, wato musta'mini, idan shugaba ya gargaɗe shi kuma ya zauna har shekara ta cika, ya zama zimmi, ɗan gida, yana da abin da 'yan gida ke da shi, yana ɗauke da abin da suke ɗauke da shi. Tsawon zama ya sauya matsayinsa ba tare da an tambayi kakanninsa ba.

Na uku, tsintaccen yaro, wato laƙiɗi. Imam Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Sunainu Abu Jamila ya tsinci jariri a zamanin Umar ɗan Khaɗɗabi, Umar ya hukunta cewa yaron ɗa ne ba bawa ba, ciyar da shi kuma yana kan baitulmali. Malamai suka ƙara da cewa ana yi masa hukuncin garin da aka tsince shi. Mai yiwuwa iyayensa bayi ne, ko baƙi, ko masu laifi. Ba a bincika ba. Inda nasaba ta ɓace, ƙasa ta tsaya masa a matsayin iyaye.

Na huɗu, Suratul Baƙara aya ta 196 ta ɗauke wa mazauna Masallaci Mai Alfarma hadayar tamattu'i. Malaman Malikiyya sun ce wanda ya yanke zama a Makka ya shiga wannan hukunci ko daga ina asalinsa yake, wanda kuma ya ƙaura daga cikinta ya zauna wani gari ya fita. Baƙuraishen da ya zauna Alƙahira baƙo ne a wannan babi, Bahaushen da ya tare a Makka ɗan gari ne. Haka ma a babin ƙasaru, Hanafiyya suna lissafa wurin haihuwa cikin abubuwan da ke mayar da gari ya zama mazaunin mutum na asali.

Nasaba kuwa aikinta daban: gado, waliccin aure, muharramaka, ciyarwa. Ko ɗan da aka yanke nasabarsa daga uba yana bin uwarsa, yana gadonta, jininsa da dukiyarsa suna da alfarma kamar na kowa, kuma babu malamin da ya ce a fitar da shi daga gari. Misalin da mai hanawa ya kawo ya koma hujja a kansa.

Daga nan ake gane amsar hujja ta uku, ta yardar al'umma. Baƙon haure a Amurka ana kama shi idan ya yi laifi, ana gurfanar da shi, ana ɗaure shi, ana karɓar haraji a kan abin da ya saya. Namiji daga shekara 18 zuwa 25 doka ta wajabta masa yin rajistar shirin ɗaukar soja ko da ba shi da takarda. Jakada kuwa ba a gurfanar da shi, shi ya sa aka togace ɗansa. Hukumar da ke gudanar da hukuncinta a kan mutum shekara da shekaru, tana amfana da guminsa, ba za ta ce ba ta san da zamansa ba ranar da aka haifa masa ɗa. Malamai sun ce riba tana tafiya tare da ɗaukar hasara.

4.3 Toshe kafa

Saddu zari'a asali ne karɓaɓɓe, musamman wurin Malikiyya, amma yana da sharuɗɗa: hanyar ta kasance tana kaiwa ga ɓarnar a mafi yawan lokuta, kuma ɓarnar toshewa kada ta fi wadda ake gudu. A dokar Amurka, ɗan ƙasa ba zai iya nema wa iyayensa izinin zama ba sai ya cika shekara 21, kuma kasancewarsa ɗan ƙasa ba ya hana a kori iyayen. Wanda ya ratsa hamada yana neman aikin gona ko gini, abin da zai ci gobe ne ya taso shi.

Ɓarnar toshewa kuwa an gan ta da ido. A watan Satumba na 2013 kotun tsarin mulki ta Jamhuriyar Dominika ta yanke cewa 'ya'yan baƙin da ba su da takarda ba 'yan ƙasa ba ne, ta kuma mayar da hukuncin baya har zuwa 1929. Dubun dubatan jikokin leburorin rake 'yan asalin Haiti, waɗanda ba su san wata ƙasa ba, suka wayi gari ba su da takardar da za su yi karatu ko aiki ko rajistar haihuwar nasu 'ya'yan da ita, har sai da matsin lamba ya sa aka yi wata doka a 2014 don rage raɗaɗin. Umarnin Trump bai koma baya ba, wannan gaskiya ne. Amma rashin matsayi abu ne da ake gado: wanda aka haifa ba takarda zai haifi wanda ba takarda. Hukuma tana da hanyoyin tsare iyaka da hukunta masu safarar mutane da masu ɗaukar su aiki a ɓoye, duka suna faɗawa a kan baligai masu zaɓi. Barin waɗannan a kama jariri saɓa wa sharaɗin saddu zari'a ne.

5.0 Inda Masu Bayarwa Suka Zarce

Waɗanda ke cewa Musulunci ya wajabta ƙa'idar wurin haihuwa ba sharaɗi su ma sun ɗora wa nassi abin da bai ɗauka ba. Suna kafa hujja da hijirar Habasha da ta Madina. Amma Najashi ya karɓi sahabbai da yardarsa bayan ya saurare su, mutanen Madina kuma sun yi mubaya'a a Aƙaba kafin hijira. Shigowa ce da izini. Abdullahi ɗan Ja'afar an haife shi a Habasha, bai zama Bahabashe ba, ya bi iyayensa zuwa Madina. A fiƙihu ma ɗan musta'mini yana bin iyayensa, idan suka koma ya koma tare da su.

Don haka matar da ta sayi tikiti ta je ta haihu ta dawo gida bayan wata biyu, ɗanta ba shi da wani haƙƙi na shari'a a kan ƙasar da aka haife shi, sai abin da dokar ƙasar ta ga damar ba shi. Kuma gaskiya ne cewa mafi yawan 'ya'yan baƙin haure a Amurka suna iya samun ƙasar iyayensu ta hanyar jini, don haka ba duka ne za su rasa ƙasa ba. Abin da fiƙihu ke karewa shi ne haihuwar da zama ya biyo bayanta. Ƙasashen da masu hanawa ke misali da su ma sun gane haka. A Birtaniya, yaron da aka haifa a can ya kuma yi shekara goma na farkon rayuwarsa a can yana da haƙƙin yin rajista a matsayin ɗan ƙasa, ko yaya matsayin iyayensa yake. A Faransa, wanda aka haifa a ƙasar yana zama ɗan ƙasa idan ya kai 18 yana zaune a cikinta, matuƙar ya yi shekara biyar a can tun daga shekara 11. Umarnin 2025 bai buɗe irin wannan ƙofa ba, kuma nan ne babban aibinsa.

6.0 Laifi Tudu Ne

Musulmin da ya soki Amurka a wannan babi ya kamata ya san inda ƙafarsa take. Mafi yawan ƙasashen Musulmi suna bin ƙa'idar jini ta ɓangaren uba, kuma mutane da yawa suna zaton daga shari'a aka ɗauko ta. Tarihi bai goyi bayan wannan zato ba. Kundin dokokin Faransa na 1804 ne ya yaɗa tsarin bin ƙasar uba, Daular Usmaniyya ta kwaikwaye shi a dokarta ta 1869, ƙasashen da suka gaje ta suka ɗora a kai. Ita dokar Usmaniyya ma ta ba wanda aka haifa a ƙasarta damar neman zama ɗan ƙasa cikin shekara uku bayan ya balaga, sassaucin da wasu magadanta suka zubar.

Sakamakon yana gabanmu. A Kuwait akwai mutanen da ake kira Bidun, ana ƙiyasta su kusan dubu ɗari, waɗanda ba a yi wa kakanninsu rajista ba bayan dokar 1959, tun tsakiyar shekarun 1980 ake lissafa su cikin mazauna ba bisa ƙa'ida ba, jikoki suna gadar matsayin kakanni. A Sudan, dokar 1957 ta sharɗanta zaman mutum ko na kakanninsa tun 31 ga Disamba, 1897, abin da ya jefa zuriyar Hausawa da Fulanin da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, irin mutanen Mai Wurno, cikin wahalar tabbatar da matsayinsu shekaru masu yawa. A Makka da Jidda akwai 'ya'yan takari da aka haifa can, Larabci ya fi zama a bakinsu fiye da Hausa, ranar da aka kama su sai a sauke su a Kano, garin da ba su taɓa gani ba. Wanda fiƙihu ya ɗauke wa hadayar tamattu'i saboda shi ɗan Makka ne, doka ta kira shi baƙo. A Nijeriya ma, sashe na 25 na kundin tsarin mulkin 1999 ya rataya zama ɗan ƙasa ta haihuwa ga iyaye ko kakanni, bai yi wa tsintaccen yaro tanadi ba, mas'alar da Umar ya warware tun ƙarni na farko na hijira.

Ƙari a kan haka, ƙasashe fiye da ashirin ba sa barin uwa ta ba ɗanta ƙasarta daidai da uba, da yawansu ƙasashen Musulmi ne, alhali fiƙihu yana danganta yaro ga uwarsa idan babu uba. Yarjejeniyar Afirka ta haƙƙin yara ta 1990 ta wajabta wa ƙasa ta ba yaron da aka haifa a cikinta matsayin ɗan ƙasa idan wata ƙasar ba ta ba shi ba, yarjejeniyar haƙƙin yaro a Musulunci da Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta amince da ita a San'a a 2005 ita ma ta ambaci haƙƙin yaro na samun ƙasa. Rubutun yana nan, aiki da shi ne ya yi ƙaranci.

7.0 Kammalawa

Tsara dokar zama ɗan ƙasa yana cikin siyasar shari'a, shugabanni suna da sararin ijtihadi a ciki, kuma ƙasa tana da haƙƙin tsare iyakarta da hukunta wanda ya keta ta. Amma ijtihadin yana da iyakoki uku da wannan nazari ya fitar. Na ɗaya, yaron da aka haifa a ƙasa kuma babu wata ƙasa da ta karɓe shi, ɗan wannan ƙasa ne tun ranar haihuwarsa, ƙiyasi a kan laƙiɗi. Na biyu, yaron da aka haifa a ƙasa ya tashi a cikinta har ya yi wayo, wajibi ne a buɗe masa hanya sananniya mai wa'adi ta zama ɗan ƙasa, ba tare da duba yadda iyayensa suka shigo ba, ƙiyasi a kan musta'minin da zamansa ya yi tsawo. Na uku, rashin takarda ba ya zama abin gado daga kaka zuwa jika.

Gyara na 14 ya cika waɗannan sharuɗɗa har ya zarce, zarcewar kuma zaɓin Amurkawa ne da suka yi bayan sun ɗanɗani sakamakon raba mutane bisa jini. Umarnin 2025 da ya nemi taƙaita shi ya gaza a sharaɗi na biyu da na uku, bai kuma yi tanadin na farko ba. Aikin da ya rage wa majalisun fatawa da tsangayoyin shari'a a ƙasashenmu shi ne su fitar da babin laƙiɗi da na musta'mini daga zauren karatu, su kai su gaban masu gyaran kundin tsarin mulki, domin yaran da wannan mas'ala ta shafa suna cikin garuruwanmu kamar yadda suke a Texas. Allah ne mafi sani.